Gaskiya Ta Fi Kwabo, Amma Wa Zai Biya Kwabon?

Lacca ga jama'a a kan karatun mujallu da jaridu kyauta, tare da misalai daga ƙasar Kankiya da Kusada



Gabatarwa

Sa'ad da aka aiko mini da takardar gayyata, aka ce ana so in yi magana a kan yadda mutum zai riƙa karanta mujallu ba tare da ya biya kuɗin wata ko na shekara ba, sai da na yi dariya, domin na ga kamar an kira kura ne ta zo ta yi lacca a kan kiwon awaki. Ni mutumin ƙasar Kusada ne, kuma in za a lissafa mujallu da jaridun da na karanta tun tasowata zuwa yau, waɗanda na sa kuɗina na saya ba su kai ushirin waɗanda na karanta a hannun wasu ba. Na tabbata kuwa akasarin waɗanda ke zaune a wannan ɗaki, in za su faɗi tsakaninsu da Allah, haka abin yake a gare su.

Saboda haka ban zo don in yi wa kowa faɗa ba. Abin da nake so mu duba tare shi ne wannan: karatun kyauta shi ya raya karatun boko a ƙasarmu, amma ba a taɓa buga wata mujalla a kyauta ba. Takarda kuɗi ce, tawada kuɗi ce, motar da ta ɗauko ta daga Zariya ko Kaduna ko Legas ba da ruwa take tafiya ba, wanda ya rubuta labarin kuma yana da iyali. Duk lokacin da ka karanta ba ka biya ba, to, wani ya biya maka. Abin tambaya shi ne, wane ne ya biya, don me ya biya, kuma da yardarsa ko ba da yardarsa ba? Amsar waɗannan tambayoyi uku ita ce za ta raba mana tsakanin karatun kyauta mai gina al'umma da wanda ke kashe mujallar da ake karantawa.

Kwabo ɗaya, kunnuwa da yawa

Bari mu fara da asali. A watan Janairu na 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya. Editanta na farko shi ne Malam Abubakar Imam, wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya kuma koyar a Midil ta Katsina kafin aikin ɗab'i ya kai shi Zariya, inda ya yi aiki tare da Dokta Rupert East. Da farko wata-wata take fitowa. Sunanta kansa yana ɗauke da farashinta, watau kwabo ɗaya. Ku lura da wannan da kyau: waɗanda suka kafa ta ba su raba ta kyauta ba, ko da yake hukuma ce ke bayanta. Sun sa mata kuɗi kaɗan, sa'an nan suka gaya wa mai saye tun daga kan suna cewa abin da ke ciki ya fi abin da ya biya.

To, amma a wancan zamani mutum nawa ne suka iya karatun boko a gunduma guda ta Lardin Katsina? Ban da malamin hakimi, da malamin makarantar elementare, da malamin asibiti, da 'yan wasu ma'aikatan En'e, sauran jama'a karatunsu na allo ne da na ajami. Don haka kofe ɗaya da ya shigo gari ba na mutum ɗaya ba ne. Mai shi zai zauna a zaure ko a gindin bishiya, ya karanta da ƙarfi, jama'a na saurare, ana tsayar da shi ana tambaya, ana gardama. Mutum ɗaya ya biya kwabo, unguwa guda ta ji labarin duniya.

Ni kaina na tarar da ragowar wannan al'ada. A 1976, shekarar da aka fara shirin ba da ilimin firamare kyauta ga kowa a Nijeriya, ina ɗan makaranta. Wani malaminmu yakan hau keke ya je Kankiya, wadda ke kan babbar hanyar Kano zuwa Katsina, ya komo da Gaskiya a naɗe a bayan keke. Da la'asar sai ya karanta wa dattawa a ƙofar gidan da yake zaune. Ran da maƙogwaronsa ya gaji sai ya miƙa wa ɗaya daga cikinmu, ya ce ci gaba. A nan na koyi karanta Hausa a gaban mutane ba tare da murya ta yi rawa ba. In jaridar ta gama zagaya gari, sai ta bi wani mai zuwa Mawashi ko Yashe, ba ta kuma dawowa. Wa ya biya? Malamin, daga ɗan albashinsa, da yardarsa, kuma ya san abin da yake yi. Wannan shi ne nau'i na farko na karatun kyauta, ban ga wanda ya cutu da shi ba, domin waɗanda suka saurara a lokacin su ne iyayen waɗanda suka zo suka saya daga baya.

Abin da hukuma ta biya

Nau'i na biyu shi ne wanda hukuma ke biya. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1939 zuwa 1945, gwamnatin mulkin mallaka ta ga tana bukatar mutanen Arewa su ji labarin yaƙin daga bakinta, ba daga bakin jita-jita ba. Sai aka riƙa buga wata 'yar jarida mai suna Suda ana rabawa kyauta, aka kuma sa En'e-En'e suka buɗe ɗakunan karatu a manyan garuruwa, inda kowa zai shiga ya karanta jaridu da mujallu ba tare da ya biya ko anini ba. Bayan yaƙi, a 1945, aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur ta Zariya. A 1952 kuma aka kafa laburaren Jihar Arewa a Kaduna, wanda ke aika wa ɗakunan karatun nan da akwatunan littattafai.

A farkon shekarun 1950 aka shiga Yaƙi da Jahilci gadan-gadan, wanda wani ɗan Katsina, Alhaji Ahmadu Kumasi, yana cikin manyan jagororinsa. Waɗanda suka tsara shi sun fahimci wani abu da mu muke mantawa yau, watau cewa babba da ya koyi karatu a aji, in bai sami abin karantawa ba bayan ya fita, karatun zai zube. Domin haka aka yi jaridar Jakadiya da Hausa mai sauƙi saboda sababbin masu karatu, hukumar NORLA kuma ta riƙa buga wa larduna jaridunsu: Himma ta Katsina, Sodangi ta Kano, Zaruma ta Sakkwato, Bazazzaga ta Zazzau, Zumunta ta Bauci, da sauransu. A 1959 aka rufe NORLA, jaridun lardunan nan kuwa ba su yi tsawon rai ba.

Akwai darasi biyu a nan. Na farko, abin da baitulmali ya ɗauki nauyinsa yakan isa inda ɗan kasuwa ba zai kai ba, domin babu ribar da za ta sa mai sayar da jarida ya bi ƙauyuka. Na biyu, abin da hukuma ta ba ka kyauta, ran da ta ga dama ta janye shi, kuma tun kafin ta janye ita ke zaɓar abin da za ka karanta. Suda ba don nishaɗinmu aka yi ta ba, an yi ta ne domin a ci yaƙi. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Haka yake ga kowace mujalla mai sheƙi da ofishin jakadancin wata ƙasa, ko ma'aikata, ko kamfani, ko ɗan siyasa ya buga ya raba. Ban ce kada a karanta ba. A karanta, amma a duba shafin farko ko na ƙarshe a ga wanda ya biya kuɗin ɗab'i, sa'an nan a san irin awon da za a yi wa abin da ke ciki.

Jaridar ofis da teburin mai jarida

Yanzu zan juyo ga 'yan'uwana ma'aikata. Nau'i na uku shi ne jaridar ofis. Duk wanda ya yi aikin gwamnati a shekarun 1970 da 1980 ya san yadda tafiyarta take. Da safe masinja ya kawo New Nigerian, wadda aka fara a 1966, tare da Gaskiya, ya ajiye a teburin shugaba. Da hantsi ta sauko wurin mataimaki, bayan azahar ta iso wurin akawu, gobe ta kai ga direba da maigadi. Mujallu irin su Drum da Spear da West Africa, daga baya kuma Newswatch ta 1985 da Citizen ta Kaduna ta 1990, haka suke zagayawa har bangonsu ya cire. Wannan da kuɗin jama'a aka saya, jama'a kuma suka karanta, ba laifi. Inda laifin yake shi ne ƙarshen tafiyar. Maimakon a tara su a ɗinke su shekara-shekara, sai su bi wani gida, daga can a sayar wa mai ƙosai da mai tsire su yi ƙunshi. Tarihin garuruwanmu da yawa a haka ya tafi, da mai a jikinsa. Yau ɗalibin da ke son ganin abin da aka rubuta a kan Kankiya a 1975 sai ya yi kuɗin mota zuwa Gidan Arewa ko Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, alhali kuwa jaridar ta taɓa kwana a ofishin garinsu.

Nau'i na huɗu shi ne na bakin teburin mai jarida. A kowane babban gari na Nijeriya akwai mutanen da ke taruwa da safe inda ake baza jaridu, su karanta a tsaye, su yi muhawara a kan siyasa da ƙwallo, su watse ba wanda ya saya. Har an yi musu laƙabi na ba'a da Turanci, wai Ƙungiyar Masu Karatun Kyauta. Wasu masu jarida da suka gaji sai suka riƙa karɓar 'yan kuɗi kaɗan a hannun mai son ya buɗe ciki ya karanta ya mayar.

Domin a gane wanda ke biya a nan, sai an san yadda sana'ar take. Mai jarida yana samun kamasho ne a kan kofen da ya sayar, wanda ya yi kwantai kuwa sai ya mayar wa kamfani. Ke nan in mutum ashirin suka karanta kofe ɗaya a kan tebur, da yamma aka mayar da shi a matsayin kwantai, kamfanin ya yi hasarar takarda da tawada da kuɗin mota, ko kwabo bai shigo masa ba, kuma a littafinsa an rubuta cewa ba wanda ya so wannan kofe. Daɗin daɗawa, mai ba da talla yana duba yawan abin da aka sayar ne kafin ya biya. Wannan karatu ne da aka biya mana ba da yardar mai biya ba.

Ba zan ɗora wa waɗannan bayin Allah alhakin mutuwar mujallunmu su kaɗai ba. Daga 1986, sa'ad da aka shiga shirin tsuke bakin aljihu darajar naira ta faɗi, takardar ɗab'i ta yi tsada ƙwarai, masana'antar takardar jarida ta Oku Iboku kuma ba ta daɗe tana aiki ba ta tsaya. Albashi ya daina isa, wanda ke saye ya koma aro, mai aro ya koma leƙe. Ga kuma rashin iya gudanarwa, ga bashin talla da ba a biya. Amma sakamakon a bayyane yake. Amana ta kamfanin Concord ta tafi, Citizen ta tafi, West Africa ta tafi. Gaskiya Ta Fi Kwabo kanta, bayan ta haura shekara 70 tana fitowa, ta yi shiru a teburin masu jarida. Kowa ya yi juyayi, amma cikin masu juyayin nan, mutum nawa ne suka saye ta a shekarunta na ƙarshe?

Zamanin wayar hannu

A 2001 wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya, bayan wasu shekaru kuma intanet ta shigo cikin wayar. Yau saurayi a Kofa ko Dudunni yana iya karanta abin da aka rubuta a Abuja ko Landan a cikin sa'ar da aka rubuta shi, abin da malaminmu mai keke bai taɓa mafarkinsa ba. Sashen Hausa na BBC, wanda aka buɗe a 1957, da na Jamus, da na Faransa, duk sun koma rubuta labarai bayan na rediyo. Aminiya da aka fara a 2006, da mujallar Fim da Malam Ibrahim Sheme, ɗan Jihar Katsina, ya kafa a 1999, da wasu da dama, ana karanta su a waya ba tare da biyan kuɗin shekara ba.

Sai mutum ya ce, to, ai magana ta ƙare, kyauta ta samu. Ba ta ƙare ba. Da farko, kai mai karatu kana biya, sai dai kamfanin waya kake biya kuɗin data, ba marubuci ba. Na biyu, mai talla yana biya, kuma gwargwadon yawan waɗanda suka leƙa yake biya, ba gwargwadon gaskiyar abin da aka rubuta ba. Wannan shi ya sa kanun labarai suka koma kururuwa, kowa na neman a danna nasa. Binciken da zai ci wa ɗan jarida wata biyu da kuɗin mota ba ya kawo abin da tsegumi na minti biyar zai kawo. Manyan jaridun duniya sun gwada ba da komai kyauta na shekaru, suka ga ba za ta fisshe su ba. New York Times ta Amurka, alal misali, ta koma karɓar kuɗi a hannun masu karanta ta a intanet tun 2011.

Akwai kuma wata hanya da dole in kira ta da sunanta. Wani zai sayi mujalla ko littafi kofe ɗaya, ya ɗauki hoton kowane shafi, ya watsa a WhatsApp ga ɗaruruwan mutane. Masu yi sukan ce ai aro ne, kamar yadda malaminmu yake bayarwa. Ba ɗaya ba ne. Wanda ya ba da aro ya rabu da kofensa har a dawo masa da shi, kofe ɗaya ne ke yawo. Wanda ya ɗauki hoto ya watsa kuwa ya buɗe maɗaba'a ne da haƙƙin wani. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sabunta a 2022, ta hana wannan, ko ba doka ma, haƙƙi ne. Marubutan Hausa da dama sun daina buga littafi a takarda, wannan ɗabi'a kuwa tana cikin dalilan da suke bayarwa.

Hanyoyin da ɗalibi zai bi

Na yi wa ɗalibai alkawarin ba zan bar su hannu rabbana ba. Ga hanyoyi waɗanda an riga an biya muku, da yardar mai biya.

Ta farko ita ce laburaren makarantarku. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma, da Bayero, da Ahmadu Bello, kowace tana da sashen mujallu da sashen kwamfuta. Kuɗin da kuka biya na makaranta da abin da asusun TETFund ke bayarwa sun shiga ciki. Wanda ya gama shekara huɗu bai taɓa tambayar ma'aikacin laburare lambar shiga mujallun da aka yi wa rajista ba, ya biya kuɗin tuwo ya tashi bai ci ba.

Ta biyu ita ce mujallun ilimi da masu su suka buɗe wa kowa da gangan. Tun taron da aka yi a Budafes ta ƙasar Hangare, wanda ya fitar da sanarwa a 2002, masana da yawa suka yarda cewa binciken da aka yi da kuɗin jama'a bai kamata a kulle wa jama'a shi ba. A 2003 aka buɗe kundin DOAJ a ƙasar Suwidin, wanda ke jera dubban irin waɗannan mujallu. Akwai AJOL, wadda aka fara a 1998 domin mujallun Afirka, da yawa daga cikinsu na jami'o'in Nijeriya ne, kuma wani babban kaso a buɗe yake. Ɗaliban kiwon lafiya, irin na makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya, su tambayi HINARI, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara a 2002. Na aikin gona su tambayi AGORA ta 2003. Waɗannan biyu makaranta ce ke yin rajista, a ba ta kyauta ko da rahusa mai yawa.

Ta uku ita ce Laburaren Ƙasa. Dokar 1970 ta wajabta wa duk mai buga littafi ko mujalla a Nijeriya ya ajiye kofe 3 a can, kuma yana da rassa a jihohi. Ga masu nazarin Hausa kuwa, akwai Harsunan Nijeriya da Algaita a Bayero, da Harshe a Zariya, da Ɗunɗaye a Sakkwato, da Himma a Katsina, wadda ta gaji sunan tsohuwar jaridar lardinmu. Ku neme su a sassan da ke buga su. Mu malamai kuma ya kamata mu tambayi kanmu, me zai hana mu sa tsofaffin fitowarsu a intanet kowa ya karanta, tun da ba don riba muka buga su ba?

Shawara ga Kankiya da Kusada

Duk hanyoyin nan na ɗan jami'a ne. Ina yaron sakandare, ina malamin firamare a Kaikai ko Rimaye, ina matar aure da ta gama ajin yaƙi da jahilci? Waɗannan su ne suka fi bukatar abin karantawa, su ne kuma suka fi rashin abin saye. Shawarata ita ce mu koma ga ɗakin karatu, amma kada mu maimaita kuskuren barin sa a wuyan hukuma ita kaɗai.

Wasu ƙasashe sun riga mu fuskantar wannan. A 1850 majalisar Ingila ta yi dokar da ta yarje wa garuruwa su karɓi ɗari, watau rabin kwabo, a kan kowane fam na ƙimar gidaje domin laburaren da kowa zai shiga kyauta. Attajirin nan na Amurka, Andrew Carnegie, ya ba da kuɗin gina laburare sama da 2,500 tsakanin 1883 da 1929, amma da sharaɗi: sai gari ya yi alkawarin kashe ushirin kuɗin ginin kowace shekara wajen tafiyar da shi. Ya gane cewa gini ba shi ne wuya ba, abin da za a riƙa zubawa ciki kullum shi ne wuya. Mu ma ba baƙi ba ne ga wannan tunani. Tun kafin zuwan Turawa malamanmu suna ba da aron littafi, masu hali suna yin waƙafinsa domin ɗalibai. Waƙafi kuwa ma'anarsa ke nan, mutum ɗaya ya biya da yardarsa, jama'a su amfana har bayan ransa.

Ga yadda nake ganin za a yi. Ƙaramar hukuma ta ba da ɗaki guda, ko ta gyara wanda ake da shi, kusa da kasuwa ko makaranta, da ma'aikaci ɗaya. Ƙungiyar ci gaban gari, tare da 'yan asalin gari da ke aiki a Katsina da Kano da Kaduna da Abuja, su ɗauki nauyin kuɗin shekara na jaridu da mujallu, na takarda da na intanet, kowane mutum ko kowane gida ya ɗauki guda, a rubuta sunansa a allo a bango. A sa hasken rana da 'yan kwamfutoci biyu ko uku. A keɓe wa mata ranaku ko sa'o'insu, domin in ba a keɓe ba, ba za su zo ba. Kowane ofishin gwamnati a ƙananan hukumomin biyu ya miƙa tsofaffin jaridunsa da mujallunsa ƙarshen wata, a ɗinke su a ajiye. Iyayen ƙasa, Kankiyan Katsina da Bebejin Katsina, su zama iyayen aikin, domin abin da aka jingina da fada ya fi wanda aka jingina da kujerar siyasa daɗewa. Kankiya da Kusada da Ingawa suna da wakili ɗaya a Majalisar Wakilai ta Tarayya, ba laifi a tuna masa cewa kuɗin shekara na mujallu goma bai kai kuɗin babur ɗaya da ake rabawa ba.

Ku duba lissafin. A ce mujalla naira 1,000 ce, tana fitowa wata-wata. Naira 12,000 ke nan a shekara. In mutum 40 suka karanta kowace fitowa a ɗakin karatu, kowane karatu ya tashi a naira 25, kamfanin kuma ya karɓi kuɗinsa cif, kofen bai koma masa a kwantai ba. Mai karatu bai biya ba, mai bugawa bai yi hasara ba, mai biya kuwa ya san abin da ya saya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kammalawa

Shugaba, jama'a, na lissafa muku hanyoyin karatun kyauta da muka sani: na zaure, da na hukuma, da na ofis, da na bakin tebur, da na waya. A kowanne na nuna akwai mai biya. Wanda bai da hali, ya karanta ta duk hanyar da aka biya masa da yarda, kada ya ji kunya, domin da haka mu duka muka tashi. Amma wanda Allah ya hore wa albashi, ina roƙonsa abu ɗaya. Ya zaɓi mujalla ko jarida guda da yake ganin tana faɗin gaskiya, musamman ta Hausa, ya biya kuɗinta na shekara, in ya gama karantawa ya miƙa wa na baya. Don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Malamin nan namu mai keke ya daɗe da rasuwa, Allah ya ji ƙansa. Ban taɓa biyansa ko kwabo ba, bai kuma taɓa tambaya ba. Abin da ya rage mini shi ne in biya wa wani yaro a Kusada yadda aka biya mini. Ina zaton akasarinmu muna da irin wannan bashi a wuyanmu.